Ku je ku zauna da su tun suna da rai

'Yan'uwana matasa, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da an ɗan samu saɓani a ƙasar nan, sai ka ga yaron da ko babansa bai yi wayo ba lokacin yaƙin basasa ya ɗauki waya ya rubuta a Facebook wai a raba ƙasa, in ta kama a gwabza a gwabza. Duk lokacin da na ga haka ƙanen kakana nake tunawa, Allah Ya jiƙansa.

Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Soba, manomi ɗan manomi. An fara yaƙi a watan Yulin 1967, shi kuma da aka gama girbin shekarar ya ajiye lauje ya nufi daffon sojoji na Zariya, bai cika shekara ashirin ba. Horon kurtu na 'yan makonni aka yi musu, domin mutane ake nema ido rufe: sojan da bai wuce dubu goma ba kafin yaƙi, kafin a gama ya doshi dubu 250. Mafi yawansu irinsa ne, 'ya'yan talakawa da ba su taɓa ganin kogin Kwara ba. Aka tura shi Runduna ta Biyu, ta Murtala Muhammed. Yana cikin ayarin motocin da aka yi wa kwanton ɓauna a Abagana, wani gari a jihar Anambra ta yau, a ƙarshen Maris na 1968, inda wuta ta kama tankar mai ta bi motoci ta cinye. Ya fita da tabon ƙuna daga gwiwar hannu har kafaɗa, kunnen hagu kuma bai ƙara ji da shi ba.

Muna yara, in mun je Sallah gida, akwai masu fasa abin ƙara a bayan danga don su ga tsoho ya zabura ya kwanta rub-da-ciki. Ana dariya, ana cewa soja ya tuna Ojukwu, jagoran Biyafara da aka yaƙa. Ina cikin masu dariyar, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Yakan tashi ya kakkaɓe rigarsa ya shige ɗaki, ba ya ce wa kowa uffan.

Sai da na girma na zauna da shi sosai, sau uku kacal. Na zaci labarin jarumtaka zan sha. Ina! Abin da ya fi maimaitawa yaran da ya gani ne a ƙauyukan Inyamurai, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, ƙafafu kamar sillen kara. Ya ce akwai wata yarinya da ya miƙa wa biskit ɗinsa, ta riƙe ta kasa kaiwa baki. A nan muryarsa ta sarƙe, ya ɗauki buta ya tafi alwala alhali lokacin salla bai yi ba. Ana ƙiyasta mutanen da suka mutu a watanni talatin ɗin da aka yi ana yaƙin sun haura miliyan ɗaya, yunwa ce ta kashe akasarinsu. Ban taɓa jin ya zagi waɗanda ya yaƙa ba. Mu da ba mu ga komai ba, mu ne masu kaifin baki.

Ya koma gona bayan an sallame shi, ya yi ta fama da kuɗin fansho. Na san lokacin da ya sayar da akuya ya yi kuɗin motar zuwa tantancewa, ya kwana a tashar Kawo a kan buhu, aka ce ya dawo wani watan. Muna nan cikin garin Kaduna, jikokinsa fiye da goma, babu wanda ya raka shi. Wannan laifinmu ne, ba na kowa ba.

Kowace 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin a 1970, manya kan ajiye furanni don tunawa da 'yan mazan jiya. To madalla. Amma waɗanda suka rage da rai yanzu sun kai tamanin ko sun kusa, suna nan a Giwa, Ikara, Kachia, Zonkwa, Musulmi da Kirista, rami ɗaya suka kwanta a fagen daga. In akwai ɗaya a danginku ko unguwarku, don Allah ku je. Ku durƙusa ku ce Baba ina wuni, ku kai ɗan goro ko sabulu. Kada ku fara da tambayar mutum nawa ya kashe, wannan rashin tarbiyya ne. Ku tambaye shi wa ya raka shi Zariya, me suke ci, su wa suka tafi tare ba su dawo ba. In ya yarda ku naɗi muryarsa a waya, in ya yi shiru ku ƙyale shi. In takardun banki ko na fansho sun sha masa kai, ku riƙe masa hannu ku kai shi.

Akwatin ƙarfensa yana wurina yanzu. A ciki akwai takardar sallamarsa, da lambar yabo naɗe a tsumma, da hoto ɗaya da ya koɗe: samari huɗu cikin kaki, sun dafa kafaɗar juna. Bayan kowace sallar asuba yakan ambaci sunaye uku ya yi musu addu'a, na sha ji ta bayan ƙyaure. Na tambayi duk dattawan gidanmu, babu wanda ya riƙe ko ɗaya.