Benci ya cika, aljihu wayam

Alhaji Modu, Babarbare mai ƙaramin asibitin kuɗi a Pantami cikin garin Gombe, ya kira taubashinsa Jauro, tsohon akawu, ya duba masa littafi.

Modu: Bawana, dubi benci! Tun asuba maƙil.

Jauro: Gindin darbejiya ma yana cika, Alhaji. Nawa kuka yi watan jiya?

Modu: Miliyan 3.

Jauro: To, albashi miliyan 1 da dubu 200, magani dubu 900, dizal dubu 500, haya da tarkace dubu 300. Ribarka dubu 100. Kuma dubu 600 cikin miliyan ukun bashi ne, a takarda kawai suke.

Modu: Ashe shi ya sa nake ranto kuɗin dizal!

Jauro: Gado nawa gare ka?

Modu: Goma, masu katifa.

Jauro: Goma sau kwana 30, kwanan gado 300 ke nan. An kwana 90. Kashi 30 cikin ɗari.

Modu: Har da kwanan maigadi na rubuta.

Jauro: Cire nasa, saura 60. Kashi 20. Shi ya biya?

Modu: Ni nake biyansa.

Jauro: Madalla. Kwalayen nan na bayan kanta fa? Wa'adinsu ya wuce.

Modu: Yaron ne ke jera sabo a gaba.

Jauro: Wanda ya fi kusa da lalacewa shi ake fara fitarwa. Duk ƙarshen wata a ƙirga, a ware wanda ya rage masa wata uku. Ko Bafulatana ba ta barin nonon jiya ta sayar da na yau.

Modu: Amma jama'a suna sona, kullum sai sun dawo.

Jauro: Wanda ya dawo cikin mako da ciwon da ya kawo shi bai warke ba ne. Buɗe musu shafi daban. A riƙa rubuta lokacin yankar kati da lokacin ganin likita, watakila dogon jira ne ya cika maka benci. Bashi kuma ka raba shi uku: na kwana 30, na 60, na 90. Wanda ya haura 90, ka tura masa yaro yau ɗin nan, ba sani ba sabo.

Modu: (yana buɗe shafi) Ga na farko. Jauro, haihuwar amarya, tun Babbar Sallah.

Jauro: A'a, wannan a shafin zumunci ake sa shi. Sai an sayar da maraƙi.

Modu: Yaushe?

Jauro: Ai saniyar ba ta haihu ba tukuna.