Ba Kowane Rim Na Alminiyum Ake Goge Wa Da Man Ƙarfe Ba

Mutane da yawa na ɗauka cewa da zarar rim ɗin mota ya dushe, sai a samo man goge ƙarfe a yi ta dirza har ya yi ƙyalli. Ba haka abin yake ba. Yawancin rim na alminiyum suna fitowa daga kamfani da wani siririn fenti garai-garai a samansu. Abin da kake gani ya dushe ko yana ɓarewa, sau tari wannan fentin ne, ƙarfen na ƙasa lafiya lau.

Gwajin gane ko akwai wannan fentin ba wuya. Ɗiga man a farin ƙyalle, ka goga a wani lungu. In ƙyallen ya yi baƙi ƙirin, alminiyum ne tsurarsa, ci gaba da aikinka. In bai yi baƙi ba, akwai fenti, dirzar za ta ƙara masa zane ne kawai.

Mai son ƙyalli irin na madubi sai ya fara cire fentin, sannan ya bi da samfefa da ruwa: daga mai kaushi zuwa mai laushi, wato lamba 400, 800, har 2000, ba tsallake. Aikin na cin lokaci, hannu ma zai gaya maka.

Soda mai ƙarfi kuwa, kada ta kusanci rim ɗin, cin alminiyum take yi.