Masu digirin lantarki, ku ɗan tsaya kafin ku cike fom ɗin mastas

Duk wanda ya gama injiniyan lantarki a cikin ƙannenmu, in ka tambaye shi mastas a me zai yi, amsar ɗaya ce, ko fawa (fannin samar da wuta da rarraba ta) ko telikom (fannin sadarwa). Ba laifi ba ne, amma ni dai ina ganin mu ƴan Jos mu ya fi kamata mu haɗa lantarki da ilimin sanin sinadaran da ake ƙera kayan da su, wato materiyal sayans.

Batirin inbata da ya mutu tun bai shekara biyu ba, da solar da ƙarfinta ke raguwa in ta sha zafi, da taransifomar unguwa da ta ƙone, in ka bi diddigi ba zanen waya ba ne matsalar, abin da ke ciki ne, silikon ne, dalma ce, litiyam ne, mai ne da takardar da ke raba wayoyi. Mu an koya mana haɗawa, ba a koya mana me ya sa abin yake gajiya ba. Shuji Nakamura da ya samu Nobel a 2014 shi da mutum biyu kan shuɗin LED, wato ɗan ƙwan lantarki mai ba da shuɗin haske, asalinsa lantarki ya karanta, amma abin da ya kai shi nan shi ne iya shuka sinadarin galiyam naitirayid mai kyau, kuma daga nan farin ƙwan da ke ɗakinka ya samo asali.

Kuma fa a garin nan wuta ma saboda ma'adini ta zo, tun 1929 kamfanin wuta na NESCO ya fara ba masu haƙar kuza wuta daga tashar ruwa ta Kurra. Kuzar nan da ita ake liƙe ƙafafun kayan cikin wayarka, ma'adinin tantalait da ake wankewa a ƙasar nan shi ake yin kafasita da shi, wato ɗan abin da ke riƙe caji a cikin na'ura, amma har yau a buhu muke sayarwa, mu dawo mu sayi wayar da tsada, yanzu ga litiyam ɗin Nasarawa ma ya fito.

To amma kar wani ya ce zai yi mastas biyu, ɓata lokaci ne wallahi. Ka zauna a sashe ɗaya, ka nemi malamin da bincikensa ya ratsa duka biyun. Kafin ka biya ko sisi ka je da ƙafarka ka ga lab, na'urorin XRD da SEM da ake binciken tsarin cikin sinadarai da su suna aiki kuwa, ko an lulluɓe su da leda ana jiran kwangila? Wannan ya fi sunan da za a rubuta a satifiket muhimmanci nesa ba kusa ba. Jami'ar kimiyya da fasaha ta AUST da ke Galadimawa a Abuja suna da sashen materiyal, akwai cibiyar binciken kimiyya ta SHESTCO a Sheda, ga cibiyar binciken ƙarafa ta NMDC nan Jos ɗinmu, mai son fita waje kuma ya bi ta PTDF, asusun gwamnati da ke ba da tallafin karatu.

Wahala kam akwai, za ka koma fizik na daskararrun abubuwa da kemistirin da ka yi murnar rabuwa da shi tun aji ɗaya a jami'a. Aikin ma a gida bai kai na fawa yawa ba tukuna, don haka wanda gida ke jiran albashinsa bana, fawan ya fi masa. Wanda kuma yake da sararin zuwa har PhD, shi nake wa magana, ya fara tura wa malamai imel tun yana bautar ƙasa.