Kafin ka biya kuɗin manhajar zanen 3D

Ƙannena masu zanen 3D a Yamai, don Allah ku tausaya wa guminku. Abin takaici ne yaro ya ga bidiyon talla a YouTube, ya roƙi wani ya ara masa katin Visa, ya biya manhaja, sai bayan ya sauke ta ya tarar kwamfutarsa ba ta iya ɗaukarta. Wanda ya yi tallan nan da babbar na'ura ya yi shi, a ɗaki mai sanyi.

Fara da abin da ke gabanka. Duba RAM (ma'ajiyar da kwamfuta ke aiki da ita nan take) da katin hoto (ɓangaren da ke sarrafa hotuna) na kwamfutarka, ka gwada da abin da kamfanin ya ce manhajar na bukata. Ko Blender, wadda kyauta ce tun 2002, sababbin fitowarta daga 4.0 suna neman RAM giga 8 da katin hoton da ya san OpenGL 4.3, wato tsarin da manhaja ke magana da katin ta hanyarsa. In taka tsohuwa ce, sauke 3.6, tana nan a shafinsu. Kada kuma ka raina ta don ba a biya: fim ɗin da ya ci Oscar na zane mai motsi a 2025 da ita aka yi shi.

Sai lissafi, kuma nan ne aka fi yaudarar kai. Maya, 3ds Max da Cinema 4D haya ake yi, wata-wata ko shekara-shekara. Ranar da ka daina biya sun rufe, fayilolinka na ciki ma sai ka nemi mai buɗe maka. Yuro 1 kusan sefa 656 ne. Abin da aka rubuta yuro 50 a wata ya kusa jika 33, a shekara ya haura jika 390, ban da kuɗin intanet da cajin banki. Aiki nawa kake samu a wata da zai fid da wannan? Rhino sau ɗaya ake sayenta, kuma tana ba da kwana 90 na gwaji. Lasisin ɗalibai na Autodesk, kamfanin da ke yin Maya da 3ds Max, kuwa na koyo ne kawai, an hana yin aikin kuɗi da shi. SketchUp ta kyauta a kan intanet take tafiya, layi na yankewa aiki ya tsaya.

Kwanakin gwaji ba na kallon maɓallai ba ne. Ɗauko aiki irin wanda ake kawo maka, tsarin gida ko kujera ko kwalbar talla, ka yi shi daga farko har ƙarshe. Ƙara yawan fuskokin siffar, wato ƙananan ɓangarorin da aka haɗa ta da su, har su haura miliyan 1, ka juya ta ka ga ko tana sarƙewa. Ka sa ta fitar da hoto da rana tsaka, don a zafin Afrilu, sama da digiri 40, kwamfuta na rage gudu da kanta kada ta ƙone, aikin minti 20 ya koma na awa guda. Rufe manhajar da ƙarfi kamar an ɗauke wuta, ka buɗe ka ga me ya tsira. Blender na ajiye aiki da kanta duk minti 2.

Gwajin da aka fi mantawa shi ne fitar da fayil. Fitar da aikin a nau'ukan fayil na OBJ, FBX da STL, ka buɗe su a wata manhaja. STL ba ya ɗaukar launi, ba ya kuma faɗin ma'auni, shi ya sa abin da ka zana a mita kan iso wurin mai bugun 3D a milimita, ƙarami kamar ƙwayar gero.

Manhajojin da aka fasa makullinsu ake yawo da su a kile USB, ku rabu da su. Hakkin wani ne, kuma kafin su shiga sai an ce ka kashe rigakafin kwamfutar, wadda a cikinta fayilolin masu ba ka aiki suke.