Ranar da na zama ɗan Jamaika a Moalboal

Laifin hula ne. Haka na faɗa wa Hajiya, kuma har gobe a kan bakana nake.

Ina shekara ta biyu a karatun likita a birnin Sebu na ƙasar Filifin. Bazararsu daga Maris zuwa Mayu take, kuma zafin Afrilunsu ba ya jin kunyar na Kano, sai dai shi da gumi yake zuwa, kamar an sa mutum a madambaci. Da aka ba da hutun Ista, 'yan ajinmu suka ce sai Moalboal, bakin teku. Awa uku da wani abu a bas, sannan muka hau habal-habal, wato acaɓarsu, zuwa Basdaku mai farin yashi.

A hanya na ga rana za ta soya mini ƙeya, sai na sayi hular saƙa wurin wata tsohuwa, peso 150. Ja da ruwan ɗorawa da kore, irin ta 'yan Rasta masu kiɗan rege. Ni dai faɗinta na duba, don ta rufe sumar da na yi wata huɗu ban aske ba saboda jarrabawa.

Ruwa kam ban shiga ba. Wanda iyakar iyonsa kududdufin unguwa, shi ma sai da ya sha bulala a kai, me ya haɗa shi da teku? Aka bar mini gadin silifas. Na zauna ina shan ruwan kwakwa, ina cin gasasshen kifi da puso, shinkafar nan da suke dafawa cikin saƙaƙƙen ganyen kwakwa. Gasasshen aladen da Sebu ta yi suna da shi kuwa, tun da muka iso na ba shi baya.

Da la'asar sakaliya makaɗa suka kafa kaya a ƙarƙashin rumfa. Rege! A Jamaika aka haifi kiɗan nan a ƙarshen shekarun 1960, amma mutanen Sebu sun riƙe shi kamar gadon kaka, suna rera shi da Bisaya, yaren yankin, wani lokaci da Tagalog. Ƙaramar jita tana "cak, cak" a makare, kamar mai tafiya biyan bashi, babbar kuma tana dukan mutum a ƙirji. Iska na kaɗawa, rana ta yi ja. Ban san lokacin da na fara gyaɗa kai ba.

Mawaƙin ya hango baƙin mutum, da hular nan, yana gyaɗa kai. Ya tsayar da kiɗa, ya nuna ni: "Jamaika!"

Na miƙe don in gyara masa zance, na ce, "Najeriya!" Ihu ya ƙaru. Ashe a wurinsu duk kanwar ja ce. Abokina, wanda nake ba aron littattafai, shi ya fara tura ni gaba: "Waƙa ɗaya kawai, bai." Bai ɗin nan "aboki" ke nan a bakinsu, amma ranar na ga iyakarta. Na rantse masa ban iya ba, ya yi dariya. A ƙasar da kowane lungu akwai injin bidiyoke, a jefa peso 5 a rera waƙa, cewa ba ka iya waƙa ba kamar cewa ba ka da hanci ne.

Aka danƙa mini makirfo. Ban haddace ko baiti ɗaya na rege ba, babu komai a kaina sai sunayen ƙasusuwan wuyan hannu guda 8. Sai na faɗi gaskiya da Hausa: "Wallahi ban iya waƙa ba, ku rabu da ni."

Mai ganga ya cafe. Na maimaita a hankali don su gane magiya nake yi, ashe daidai kan kiɗan na faɗa. Sai kawai na ji rairayin nan gaba ɗaya ya amsa: "Kurabudani!" Har da wata kaka mai jika a hannu. Na ce, "Ƙafata ciwo take." "Kurabudani!" Na ce, "Silifas ɗinmu babu mai gadi." "Kurabudani!" Wannan baitin na ƙarshe ma ba ƙarya ba ne, don kafin a sake ni ruwa ya cika ya tafi da ƙafa biyar, har da nawa na dama.

Mutanen Filifin da Facebook kuwa sai Allah. Kwana uku tsakani bidiyon ya isa hannun ƙanwata a Kano, ita kuma ba ta yi ƙasa a gwiwa ba ta kai wa Hajiya. Wayata ta yi ƙara ina tsakiyar barci.

"Likita bokan Turai! Ashe roƙo aka tura ka koyo?"

"Hajiya, wallahi hular ce."

"Hular ce ta riƙe abin maganar?" Ta yi shiru jim kaɗan, ina jin ƙanwata na ƙyaƙyatawa a bayanta. Sai ta sassauta murya: "To wace ƙafar ce ke maka ciwo?"