Janye jakada fa ba yanke hulɗa ba ne

Da zarar an ji a labarai wata ƙasa ta kira jakadanta gida sai ka ga mutane na cewa shi ke nan an ɓata, wasu ma har su fara maganar yaƙi. Abin bai kai nan ba.

Dubi abin da ya faru tsakanin Faransa da Italiya a Fabrairun 2019. Luigi Di Maio, mataimakin firaministan Italiya a lokacin, ya tsallaka Faransa ya gana da 'yan zanga-zangar nan masu riga ɗorawa da suka hana gwamnatin Macron sakat, abin ya ƙona wa Faransa rai sosai, ran 7 ga wata ta ce wa jakadanta Christian Masset ya baro Roma ya dawo gida a tattauna. Rabon da ta yi wa Italiya haka tun 1940, lokacin Mussolini.

To amma ofishin jakadancin Faransa da ke fadar Farnese a Roma ba a rufe shi ba ko na yini ɗaya, ma'aikata na nan, akwai mai riƙon ƙwarya da ke tafiyar da aiki. Kamar yaji ne dai, ba saki ba. Sati guda da 'yan kai Masset ya koma bakin aikinsa.

Yanke hulɗa kuwa shi ne a rufe ofis kowa ya kwashe mutanensa. Faransa da Italiya kuwa, a Nuwamban 2021 ma Macron da Draghi, firaministan Italiya a lokacin, suka sa hannu kan yarjejeniyar ƙawance a Roma.