Wa ya sa wa Yeats kalmar ƙarshe a baki?

Wanda ya karanta W. B. Yeats, mawaƙin ƙasar Ayilan, a tsohon bugun kamfanin Macmillan zai rantse cewa da "Under Ben Bulben" ya rufe aikinsa, waƙar da ya faɗi inda za a binne shi da abin da za a sassaƙa a dutsen kabarinsa. To, ba haka ya bar abin ba, kuma a ganina masu ɗab'i sun yi masa shisshigi.

Yeats ya rasu ranar 28 ga Janairu, 1939, a kudancin Faransa. Kafin nan ya rubuta jerin waƙoƙin littafinsa na ƙarshe, ya sa waƙar kabarin a farko, ya kuma rufe da "Politics", gajeriyar waƙa inda tsoho ya kasa mai da hankali ga zancen yaƙi da siyasa saboda wata budurwa da ke tsaye a gabansa. Maɗaba'ar Cuala ta Dublin, wadda ƙanwarsa Elizabeth ke gudanarwa, ta bi wannan jerin a 1939, amma kwafi 500 kacal ta buga. Bugun Macmillan na Landan, na 1940, shi ya shiga duniya, kuma shi ya juya tsarin. Kamfanin ne ya kawo shawarar, matarsa George ta amince, duk da ta faɗa a wasiƙa cewa jerin farko na mijinta ne. Ba su tsaya nan ba, sai da suka haɗe waƙoƙin da ya fitar a 1938 a littafi daban da na ƙarshen, suka sa musu suna ɗaya.

Na san abin da ya ja su. Mu da muka saba ganin waƙa ta ƙare da addu'a da tammat, kunnenmu ma zai fi son ta kabarin a ƙarshe. Sai dai ma'ana ta sauya. A jerin Yeats, mawaƙin ya fara binne kansa, sauran waƙoƙin kuma suka zo kamar daga bakin mamaci, wanda har yanzu bai haƙura da ƙuruciya ba. A jerin Landan kuwa, dattijo ne mai wasiyya.

Matsalar ba ta jeri kaɗai ba ce. Yeats kan fara zuba tunaninsa a zube, sannan ya nemo kalmomin amsa-amo, ya yi ta sake baitoci. "Cuchulain Comforted", mai kwanan wata 13 ga Janairu, 1939, ta fara ne a matsayin zube da ya shifta wa matarsa. Rubutun hannunsa na da wuyar karantawa, ga shi bai ƙware a waƙafi da aya ba, shi da kansa ya yarda. Idan an buga waƙa a tafireta da kabon, kwafi ya zama biyu ko uku, gyaran da ya yi a wannan ba lallai ya shiga wancan ba. Kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa ma yana ta gyaran waƙar kabarin. Saboda haka edita na bayansa dole ya tantance abu uku: wane kwafi ne na ƙarshe, hannun wa ya yi gyaran, kuma an yi shi yana raye ko bayan ransa.

Masu kare George da Thomas Mark, editan Macmillan, suna da hujja: Yeats ya daɗe yana bar wa Mark gyaran alamomin rubutu. Na yarda, izinin sa waƙafi ya ba shi, amma bai haɗa da kwashe waƙa daga farko a kai ta ƙarshe ba. Masanin adabi Curtis Bradford ya ja hankalin masana ga jerin asali, wani masanin kuma, Richard Finneran, ya maido shi a bugunsa na waƙoƙin Yeats na 1983, bayan mutane sun shafe shekara 43 suna karanta na Landan.